Duwatsun Shanyar Gwaggo

Ƙafafun mata ne abin da idona ya fara sauka a kansa ranar da aka kawo ni Gummi. Motar katakon da ta ɗauko mu daga ƙauyenmu na wajen Bukkuyum ta rage gudu a bakin gari, na leƙa ta tsagar katako, sai na ga mata suna tafiya cikin shinkafa ba takalmi, suna jan ƙafa a hankali, kowace tana barin layi biyu a bayanta kamar an yi huɗa. Shinkafar a kan titi aka baza ta, a kan kwalta baƙa wul, irin wadda ban taɓa takawa ba. A gefen kowace shanya an jera duwatsu, wasu kamar kan yaro, wasu sun kai ƙaramin tulu. Na so in tambayi Babana ko a nan kan hanya ake noman shinkafa, amma motar cike take da mutane, ni kuwa a lokacin ko ƙishirwa nake ji sai dai in haɗiye miyau in jira a miƙo mini ruwa. An kawo ni ne wurin Gwaggo, yayar Babana, don in shiga makarantar boko, saboda ƙauyenmu babu. Kwana uku na yi a gidanta kafin ta ji muryata sosai. Daga nan ta sa mini suna Shiru, sunan da ya bi ni har ɗakin aure.

Ba don daɗi nake tuna wannan ba. Makon jiya jikata Nafisa ta dawo daga makaranta da hijabi a yage tun daga kafaɗa har ƙasa, gwiwarta tana jini. Ɗan kabu-kabu ne ya kauce wa tirela ya shafi yarinyar a daidai inda suke tsallakawa, domin makarantarsu tana ƙetaren titi, gidanmu kuma yana wannan ɓangaren. Ubanta, wanda ɗana ne, ya ɗaga hijabin ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce daga ranar ta gama boko, Islamiyyar bayan gida ta ishe ta. Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da na sa ran zai huce. Kwana shida ke nan yarinyar tana wanke kayan makarantarta, ta shanya, ta ninke, alhali babu inda ta je da su. Ni kuma tun ranar wani abu da ya faru ina yarinya yake ta dawo mini, ina salla yana nan, ina cin abinci yana nan.

A zamanin da nake magana titin nan abin marmari ne. Motocin da ke wucewa a wuni ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma kafin mota ta iso kana jin gurnaninta tun daga nesa, har ka gama kore akuyarka ka ɗauke tabarmarka. Mun san motoci da muryoyinsu kamar yadda muka san tarin tsofaffin unguwa. Akwai wadda ke zuwa daga Anka, sai ta yi tari sau biyu kafin ta hau tudu, akwai ta Sakkwato mai hon kamar kukan jaki. Da yamma dattawa kan zauna a kan kwalbati suna jan carbi suna gardamar ruwan bana da na bara, mu kuma mu zana ɗakunan 'yar gala-gala a kan kwalta da guntun allin da muka tsinto a aji. Kwaltar takan riƙe ɗumin rana har bayan magariba, yana ratsa tafin ƙafa. Gwaggo takan tsallaka sau huɗu sau biyar a wuni, ɗebo wuta, barka, ta'aziyya, ko don kawai ta ji abin da aka dafa a gidan ƙawarta. Ba wanda ya ɗauki titin iyaka tsakanin mutane. Wuri ne kamar bakin rijiya, inda ake haɗuwa.

Sana'ar Gwaggo turara shinkafa. Takan sayo shanshera daga manoman fadama, wato shinkafar da ke cikin ɓawonta, mu jiƙa ta a randuna ta kwana. Da asuba a hura wuta a ƙarƙashin rabin ganga, a zuba, a rufe da tsohon buhu har ɓawon ya fara tsagewa. Ƙamshin yakan kama zane da gashi, a aji ma an san 'ya'yan masu turara ba sai an tambaya ba. Aikina kafin in tafi makaranta shi ne share kwalta da tsintsiya, kada tsakuwa ta shiga. Gwaggo ta ce da can a wani fako na bayan gari suke shanya, amma an yanka shi filaye an gine, kuma ko da yana nan ba mai komawa. "Kwana ukku bisa tabarma, ga kaji ga tsakuwa," in ji ta. "Nan ko wuni guda ta bushe ƙayau. An yi muna daɓe kyauta, mu ƙi?" Duwatsun da na gani ranar farko aiki biyu suke yi. Suna hana mota taka shinkafa, suna kuma kama wuri. Kowane gida ya san nasa. In an kwashe shanya da yamma ba a ɗauke su, domin in kika ɗauke, kafin gari ya waye wata ta baza tata a wurinki, kuma ba ki da bakin magana. Na Gwaggo bakwai ne, babbansu wani tsohon dutsen niƙa da ya tsage, wanda ba na iya ɗagawa sai dai in mirgina.

A aji aka zaunar da ni kusa da Shatu, 'yar Fulanin ruggar da ke bayan fadama. Ita kaɗai ce daga ruggarsu a makarantar, kuma Innarta ce ta dage, duk da mazan sun ce ba a taɓa yi ba. Shatu ta fi kowa lissafi, bakinta kuma ba ya hutawa, watakila shi ya sa muka dace. Kullum da safe tare suke shigowa gari da Innarta da sauran mata masu nono, a jere ɗaya bayan ɗaya a ɗaya gefen titin, gefen da ba a shanya, ƙwarya bisa ƙwarya a ka, ba sa ko dafawa. In sun zo daidai wurinmu Innar Shatu takan karkato ido, don ba ta iya juya wuya da kaya, ta ce mini, "Ɓingel, 'yar yarinya, an tashi lafiya? Yau ma gida kinka baro bakin naki?" Sai sauran matan su yi dariya, ƙoran da ke kansu ko motsi. Shatu ta fice daga layi ta tsallako, ta ƙwace tsintsiyar hannuna ta ƙarasa sharar da sauri, tana cewa ina shara kamar mai tsoron kwalta ta ji zafi, mu wuce makaranta.

Shekarar da fadama ta yi albarka Gwaggo ta ƙara ganga ta biyu, shinkafa ta fi ƙarfin wurinta. Dama da hagu akwai duwatsun maƙwabta, ba a matsawa. Sai ta ce in mirgina namu zuwa ciki, wajen tsakiyar titi. "Taki biyu kawai, Shiru. Hanya da faɗinta, mota guda wuri nawa za ta ci?" Na mirgina. Maƙwabciyarta ta gani, ita ma ta matsa nata, ta kusa da ita ma haka. Ni ce mai gadin kaji da awaki bayan an tashi makaranta, don haka ni ce na ga abin da ya canza. Da can motoci ta tsakiya suke wucewa. Yanzu kowace ta zo sai ta karkata ɗaya gefen, tayarta ta sauka daga kwalta ta ci ƙasa. Na ga sawun taya a kan sawun ƙafafun masu nono. Na ga ciyawar gefen ta kwanta ba ta ƙara tashi ba. Har na je na auna da ƙafata, daga inda taya ke bi zuwa ramin da ruwa ya zaizaye, taki ɗaya da rabi ya rage wa mai tafiya. Sau uku ina shirya maganar. Na farko Gwaggo tana da baƙi. Na biyu na ce, "Gwaggo," ta ce "Mi?" da ƙarfi, tana fama da hayaƙi idonta ya yi ja, na ce ba komai. Na uku na ce a raina manya sun fi ni ido, in akwai matsala da sun gani. Ni riƙona ake yi a gidan, kuma ba a rene mu muna gyara wa manya sana'arsu ba.

Ranar da abin ya faru ko shanya ba mu yi ba, don an yi yayyafi da asuba, Gwaggo ta ce a jira rana. Duwatsun ne kawai a kan titi, suna tsaron wurin da babu komai a cikinsa. Ina tsaye a ƙofar gida da jakar littattafaina ina jiran Shatu. Wata akori-kura ta taho daga wajen Anka. Direban baƙo ne, bai san al'adar garinmu ba, ga kwalta a jiƙe, duwatsun sun yi baƙi kamarta. Sai da ya zo dab sannan ya ga dutsen niƙa. Na ji ƙarar birki, na ga motar ta murɗe ta yi ɗaya gefen, sannan na ji wata ƙara da har yau ban sake jin irinta ba, ƙarar ƙorai da yawa suna fashewa lokaci guda. Nono ya malala a kan kwalta fari tas, yana gangarawa rami. Matan suka watse suna salati. Innar Shatu tana kwance a ramin, ƙafarta ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, tana ta cewa a duba mata Shatu, alhali Shatu tana tsaye a kanta ba abin da ya same ta, riƙe da faifai ɗaya da ta tsinta.

Ba ta mutu ba. Mutane suka ce an auna arziki, aka yi ta hamdala, kuma da wani ya zo ƙirga waɗanda titin ya ci a shekarar, ba zai sa ta ciki ba. Amma ni na ga abin da ya biyo baya, a hankali, ba mai salati a kansa. Aka kai ta wurin mai ɗori, ta yi watanni a kwance, ƙafar ta kama a karkace. Mace mai ɗingishi ba ta ɗaukar ƙorai uku ta ratso fadama. Nono kuwa ba ya jira, kullum sai an tatsi shanu. Sai aka ɗora wa Shatu. Da farko takan zo aji bayan ta sayar, tana ƙamshin man shanu, ta kifa kai a benci barci ya kwashe ta. Daga baya sai ranar da babu kasuwa. Daga baya malam ya daina kiran sunanta da safe. Direban, na ji manya suna cewa, an tsare shi kwanaki, mai motar ya karɓe makullinsa, matarsa ta koma gidansu da 'ya'ya. Masu nono suka daina biyowa ta unguwarmu, suka koma zagayawa ta bayan gari, tafiyar da ta ninka tasu ta da, gidajenmu suka koma dama fura da ruwan tsamiya. Gwaggo ta kai gaisuwa rugga da shinkafa masaki guda, aka karɓa, aka yi mata godiya, ba wanda ya ambaci dutse. Kowa ya ce tsautsayi ne da gudun direba. Ta yi mako biyu ba ta hura wutar ganga ba, har ta rame, sannan ta koma, don da shinkafar muke ci. Ta dai ce in mayar da duwatsun inda suke da, kuma ba ta dube ni ba lokacin da take faɗa.

Na haɗu da Shatu wata rana a bakin kasuwa, ta ƙara tsawo, wuyanta ya miƙe irin na masu ɗaukar kaya.

"Shiru! Ina kunka kai ga lissafi?"

Na ce mun shiga rabawa.

"Nuna mini guda."

Ta sauke ƙoranta, ta share ƙasa da tafin hannu. Na rubuta mata da tsinke. Kafin in gama bayani ta fitar da amsa, ta kwashe da dariya.

"Wagga ce taka ba ku wuya? Aradu ku dai zaman benci kawai kuka iya."

Sai wata mata ta ƙwala kiran mai nono daga cikin rumfa. Shatu ta goge ƙasar da ƙafa, na taya ta ɗora kaya. Na so in ce mata ni ce na mirgina dutsen. Abin da ya fito shi ne ta gaishe da Inna. Damina biyu bayan haka ruggarsu ta tashi, aka ce sun yi kudu, ban sake jin labarinta ba. Ni na gama makaranta, har na koyar a firamare shekaru masu yawa, kuma duk ranar da na juya allo zan koyar da rabawa na san cikin mu biyu ba ni ce ya kamata in riƙe allin ba.

Yanzu ba a jin zuwan mota, domin ƙarar ba ta yankewa. Tirela, tifa, kabu-kabu, ga babura masu ɗauko buhunan dutse daga wuraren haƙar zinare, an lafta musu kaya har ba a ganin mai tuƙin. Kowa gudu yake ya isa inda za shi kafin rana ta yi sanyi, saboda halin da daji yake ciki, kuma ban ga laifinsu duka ba. Kwalbatin dattawa babu mai zama. Ina da ƙawa a ƙetare tun muna amare, ina hango rufin gidanta daga ƙofata, amma rabona da ita tun azumi. A waya muke gaisawa kamar tana Makka. A layinmu kaɗai akwai gidan da mai gidan ke zaune a kan tabarma da ƙarfe a cinya, manyan 'ya'yansa sun bar karatu sun tafi ramin haƙa. Akwai wadda tun da aka buge ɗanta ba ta barin sauran su leƙa ƙofa, sun tashi ba su san wasan dandali ba. Waɗannan duka ba su mutu ba, ba sa cikin ƙidayar kowa. Shanya kuwa tana nan. 'Ya'yan maƙwabtan Gwaggo da jikokinsu suna bazawa har yau, da duwatsunsu, an ma ƙara da tsofaffin tayoyi da kututture. Na sha tsayawa in dube su. Ina za su kai ta?

Abin da nake so ba shi da yawa, kuma na gaji da jin kaina ina maimaita shi a zuci. A sama wa matan nan fili nesa da titi, a daɓe musu da siminti, a raba musu wuri yadda ba sai sun kama da dutse ba. A yi tudu a kwalta kafin makaranta da bayanta, na gaske, ba irin wanda matasa ke tarawa da ƙasa ranar da aka buge wani, ruwa ɗaya ya wanke shi ba. A bar wa mai tafiya da ƙafa inda zai taka wanda taya ba ta hawa. Masu faɗa a ji na unguwa sun ce an rubuta, an kai. Na yarda an kai. Amma Nafisa aji biyar take, kuma na ga yadda mako ɗaya a gida yake zama wata, wata ya zama shekara.

Jiya da la'asar ta zo ta zauna kusa da ni tana taya ni tsintar wake.

"Kaka, ki yi mai magana mana."

"Ni? Kin taɓa ganin na zauna da ubanki muna zance?"

"To ai ke kinka haife shi."

"Shi ya sa."

Ta tura baki, ta jefa wake mai kyau cikin na banza don in gani. "Ke dai tsoro gare ki, tsohuwa. Ko akuya ta harare ki sai ki ba ta hanya."

"Akuyar ta fi ki ladabi. Tsince waken nan da kinka jefa."

Rabin maganarta gaskiya ne. Ubanta ɗana ne na fari, a wurinmu kuwa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta neman abu a wurinsa baki da baki. Shekara arba'in da wani abu, in ina da magana sai in aika ta bakin matarsa ko ƙaninsa. Wannan kuwa na san in na aika, a hanya za ta yi laushi, ta isa kamar shawara, ya ce ya ji, shi ke nan.

Yau da safe ya shigo gaishe ni kamar kullum, ya durƙusa daga bakin ƙofa kansa a ƙasa, ni kuma ina duban bango. Muka gama gaisuwa, ya yunƙura zai tashi.

"Kai," na ce. "Dakata."

Ya koma ya durƙusa. Na ji matarsa ta tsayar da taɓarya a tsakar gida.

"Inna, lafiya?"

"Zancen ɗiyag ga ne."

"Inna, kin ga hijabin. Da taki guda ta ƙara…" Bai ƙarasa ba. "Ba ni iya zama kasuwa ina jiran wanda zai zo ya kira ni."

"Na gani. Ban ce ka yi laifi ba."

Na san gwiwoyina, na san kafin in tsallaka titin nan sau ɗaya mai lafiya ya yi uku. Na san kuma shi ma ya sani. Na juyo daga bango na dube shi, sai na ga furfura a gemunsa wadda ban san ta fito ba.

"Ka bar mini ita zuwa ƙarshen zangon ga. Ni za ni kai ta, ni za ni ɗauko ta, ita da duk ɗiyan layin ga da iyayensu sunka yarda. Ka samo mini gora mai tsawo, ka ɗaura mata jan ƙyalle a kai, wanda direba zai hango tun daga nesa. In ka ga ba ni iyawa, ka zo ka faɗa mini da bakinka. Kada ka aiko."